Tsofaffin Agogunan Gwajin Inji: Jawabin Ɓangaren Motoci da Kayan Gyara a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Da kwamitin shirya taro ya ce mu 'yan ɓangaren motoci da kayan gyara mu tashi mu ce wani abu, mun san abin da ake jira: kukan kuɗin fito, shingayen hanya, canjin naira da sefa. Waɗannan an yi su tun safe, kuma waɗanda suka yi sun fi mu iya baki. Mu akwati muka kawo. Ga shi nan bisa tebur, akwatin ƙarfe irin na amaren da, kuma kusan duk abin da ke ciki ya girmi yaran motarmu. Za mu gaya muku yadda aka yi muka fara tara waɗannan tarkace da abin da suke yi, sannan mu roƙi ƙungiya alfarma guda.

Abin ya samo asali daga wata asara. Shekarun baya, lokacin gadar Malanbil da Gaya tana buɗe, ɗaya daga cikinmu ya sauka Kwatano da kuɗin wani bawan Allah, amana, ya sayo masa ƙaramar mota. A filin motoci ya ga wadda ta kwanta masa, fenti lafiya, kujeru lafiya. Ya biya wani yaro mai kwamfutar gwaji, yaron ya jona ta, ya danna, ya ce babu laifi ko ɗaya. Aka biya, aka yi takardu, aka kamo hanya. Kafin Faraku fitilar baƙin mai ta fara ƙyaftawa. Aka ƙara lita. Kafin Kandi aka sake ƙara wata. Da aka sauke baƙin man a Gaya, sai ga shi da kauri kamar zuma a sanyi: an ɗura mata mai kauri ne don hayaƙi ya ɓoye. Wani dattijon bakanike a nan ya shiga ɗakinsa ya fito da agogo ɗaya mai guntun tiyo, ya kwance fulogi huɗu, ya ce a murza makulli. Silinda ta farko bar 12, ta biyu 12, ta uku 8, ta huɗu 11 da rabi. Ya zuba cokali ɗaya na mai a ramin ta ukun, ya sake gwadawa, allura ta hau kusa da 11. Ya ce: "Alhaji, ringin ta uku ya tafi, sai an sauke inji." Bai kai rabin awa ba. Ɗan'uwanmu ya gyara injin daga aljihunsa, don ba zai kai wa mai amana mota mai hayaƙi ba, kuma ribar tafiya biyu ta bi ruwa.

Ba ma cewa yaron nan ƙarya ya yi. Abin da kwamfutarsa ta gaya masa ya faɗa. Sai dai ya kamata mu san abin da ita kwamfutar take yi. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a can ta zo da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu, masu fetur daga 2001, masu gas daga 2004. Idan an jona na'ura a wannan soket, ƙwaƙwalwar motar ce take ba da labarin abin da ta gani ta ajiye. Labarin nan kuwa ana share shi cikin minti ɗaya, da irin na'urar da ta karanto shi. Kuma babu wata waya da ke zuwa daga ringi ko bawul ta ce wa ƙwaƙwalwa "na cinye". Wato kwamfuta tambayar mota take yi, mota ta amsa da bakinta. Waɗannan agogunan kuwa ba sa tambaya, aunawa suke yi. Mu da muka tashi a kasuwa mun san bambancin mai cewa "buhun nan cike yake" da ɗora buhun a kan sikeli.

Daga ranar muka fara cigiya. Duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ko Suame a Kumasi, sai ya leƙa wurin masu tsofaffin ƙarafa. Wasu mun same su a ƙasan kwantenar kayan gwanjo, an cusa su cike gurbi tare da tsofaffin sifanu. Wasu a hannun magadan makanikai, 'ya'yan da suka koma sayar da waya, suna shirin miƙa kayan ubansu ga 'yan gwangwan a auna a kilo.

Na farko shi ne wancan na dattijon Gaya, agogon matsin silinda, kuma in mutum abu ɗaya zai saya, shi zai saya. Aikinsa ya nuna ƙarfin da fistin yake matse iska. Ana yi ne inji da ɗumi, batir da ƙarfi, an cire dukkan fulogi, an katse wuta da mai, an taka totur har ƙasa, a murza inji ya juya sau biyar ko shida a kowace silinda. Injin fetur mai lafiya yakan ba da wajen bar 9 zuwa 13, gwargwadon ƙirarsa. Amma kada lambar ta ɗauke muku hankali; tazarar da ke tsakanin silindoji ita ce magana. In ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari, akwai abin dubawa. A zuba mata ɗan mai: in ta hau, ringi ne, in ta tsaya inda take, bawul ne ke yoyo. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, a fara zargin gasket ya ƙone a tsakaninsu. Kowanne da kuɗin gyaransa, kuma wanda ya san wannan kafin ya biya, ya san nawa zai rage a ciniki ko kuma ya juya ya tafi. Masu injin gas su kula: nasu matsin ya ninka wannan sau biyu ko uku, agogonsu daban ne, kuma ba a yi musu wasan zuba mai nan sakaka, don injin gas matsi ne ke kunna shi.

Na biyu ƙarami ne, tafin hannu ya rufe shi, agogon zuƙa. Ana jona tiyonsa a bututun da iska ke shiga inji, bayan totur, a bar mota a sulo. A bakin teku, inji mai lafiya yana tsayar da allura cak tsakanin inci 17 da 21. Wannan shi ne agogon da muka fi ƙauna, don shi ne mai yawan magana ga wanda ya iya ji. Allura ta tsaya cak amma ƙasa-ƙasa, wataƙila wuta tana zuwa a makare. Tana faɗuwa tana dawowa a kan ƙa'ida kamar bugun zuciya, wani bawul ba ya rufuwa. An ɗaga totur an riƙe, ita kuma tana zamewa ƙasa sannu-sannu, salansa ta toshe. Wannan na ƙarshen ya taɓa hana wani ɗan ƙungiyar nan sauke injin da ba shi da laifin komai: motar ba ta hawa tudu, an ce masa inji ya gaji, ashe tukunyar salansa ce ta narke ta cushe. Shi kuma wannan agogo ba ya aiki a injin gas na da, tunda ba shi da totur mai shaƙe iska.

A nan akwai abin da ya shafe mu fiye da kowane bakanike da ke zaune wuri ɗaya. Allurar zuƙa tana raguwa da kusan inci ɗaya a duk mita 300 da aka hau sama da teku. Motar da ta ba ka 19 a Kwatano ko Lome, in ka gwada ta a Jos, inda tudun ya kai wajen mita 1,200, za ta ba ka kusan 15, kuma lafiyarta ƙalau. Haka a Ngaundare. Wanda bai san wannan ba zai yi rigima da abokin cinikinsa a banza.

Sai kuma maganar yare, don agogunan nan ma suna da iyaka a tsakaninsu kamar mu. Wanda ya fito daga Ingila ko Amurka da psi yake ƙirga. Na Faransa da Jamus da bar, ko kilo a kan santimita, wanda kusan ɗaya ne da bar. Bar ɗaya psi 14.5 ne. Bakaniken Katsina ya buga waya ya ce "ta ba da 170", na Maraɗi ya ce "ƙarya ne, babu motar da ke wuce 13", alhali abu ɗaya suke faɗa. Agogon zuƙa na Faransa da santimita yake magana, inci 17 zuwa 21 ya zama wajen 43 zuwa 53. Har agogon kwantak: na Ingila digiri yake nunawa, na Faransa sau da yawa kashi cikin ɗari, kuma a inji mai silinda 4 digiri 90 shi ne ɗari cif, saboda haka digiri 54 shi ne kashi 60. Mu da muke juya naira zuwa sefa a ka, muna ƙirga dala da jika ba mu taɓa takarda ba, wannan ba zai gagare mu ba. Mun rubuta canjin a cikin murfin akwatin da fenti.

Tunda mun ambaci kwantak, ga fitilar saita wuta, mai kama da bindigar wasan yara. Ana maƙala ta a wayar fulogi na ɗaya, a shafa alli a kan alamar da ke jikin fule, duk sanda fulogi ya ba da wuta sai ta haska, alamar ta tsaya a ido kamar inji ba ya juyawa. Ita da agogon kwantak na motocin kafireta da distributa ne, abin da 'yan'uwanmu na Nijar ke kira delko. Wani zai ce ina ake ganin irin waɗannan yanzu? A fita bayan gari ranar kasuwa. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa mota a 1975, kuma 504 ba ta bar layinsa ba sai wajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina yin ta. Akori-kurar da ke kwaso mana albasa da wake da jan wake daga ƙauye zuwa inda tirela za ta iya shiga, yawancinsu wannan zuriyar ce. Saitin kunne shi ake yi musu, kuma kunne yana kuskure. Wuta ta makara, mota ta yi zafi ta sha mai. Ta yi sammako da yawa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa a tudu har ya huda fistin, balle in man bumburutu aka sha wanda ba a san asalinsa ba. Da can fetur na da arha a Najeriya, babu mai damuwa da lita biyu ko uku. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kowace lita tana fitowa a kuɗin dakon buhu, kuma mu ne muke biya.

Ga masu manyan motoci, wannan mai hannu kamar famfon rijiya shi ne na gwada nozul. Ana ɗaura nozul, a danna hannun, a ga a bar nawa ta buɗe, da yadda feshinta yake. Mai lafiya tana fesawa kamar hazo da 'yar ƙara. Wadda ta lalace tana tsiyaya ko ɗiga. Ƙananan injinan gas na da sukan buɗe wajen bar 110 zuwa 140, na manyan motoci kusa da 200 ko sama, kowanne da lambarsa a littafinsa. Nozul mai ɗiga tana kawo baƙin hayaƙi, tana wanke man jikin silinda, wani lokaci ta ƙona kan fistin. Tsofaffin Mercedes masu dogon hanci da DAF ɗin da muke loda wa kaya, da wannan ake duba su. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo, a ayari da rakiyar soja. Duk wanda motarsa ta bi can ya san ba wurin da ake so inji ya tsaya ba ne. Gwajin nozul shida kafin a tashi bai kai kuɗin kwana ɗaya na jira ba. Gargaɗi ɗaya, kuma muna roƙon a faɗa wa yara: kada a kuskura a sa hannu a gaban feshin nan. Yana huda fata ya shiga nama, ramin kamar na allura, amma yana iya kai mutum ga yanke yatsa. Kuma injinan zamani masu kwamfuta, da matsinsu ke haura bar 1,500, wannan famfon ba nasu ba ne.

Akwai sauran ƙananan abubuwa a akwatin, irin su kwalbar auna ruwan batir da ma'aunin tazarar fulogi, sai ku gani da idonku.

Babban kuwa ba mu iya kawo shi ba, don ya kai firji tsawo. Na kamfanin Sun ne na Amurka, mai gilashi kamar talabijin da agoguna jere, irin wanda manyan garejoji suke alfahari da shi a shekarun 1970 da 1980. Ingila tana da irinsa na Crypton, Faransa na Souriau, Jamus na Bosch. Mun tarar da shi ana gab da farfasa shi don a ciri tagulla. A gilashin nan wutar kowane fulogi tana fitowa kamar sanda a tsaye: wadda ta fi sauran tsawo, bakin fulogi ya buɗe da yawa ko wayarsa ta tsinke a ciki, wadda ta gajarce, fulogin ya yi datti ko silindar ba matsi. Abin sha'awa ne ƙwarai. A Turai da Amurka akwai masu neman irinsa su goge su ajiye kusa da tsofaffin motocinsu na ado. Mu dai gaskiya za mu faɗa muku: tausayi ne ya sa muka saye shi, ba lissafi ba. Na wutar Amurka ne, bolt 110, tamu kuwa 220 zuwa 230, sai da taransifoma. Yana son wuta mai tsayawa, wadda ba mu da ita. Cikinsa akwai wutar da ke kwance ko bayan an zare shi daga soket, tana iya kayar da mutum, saboda haka sai tsohon mai gyaran talabijin ne yake buɗe mana shi. Wata uku yana aiki, wata uku yana hutu. Kada wani ya ji jawabin nan ya je ya zuba jarinsa a irinsa. Ƙananan su ne masu amfani: ba ruwansu da wutar gari, ba sa neman intanet, ba a sabunta musu komai, kuma suna shiga jakar hannu su tsallaka iyaka.

Wanda zai saya, ga abin da muka koya da kuɗinmu. Allura ta kwanta a kan sifili kafin a fara. In ba ta kwanta ba, a bar shi. Tiyon roba da ya shekara talatin a zafin nan namu ya tsattsage, a canja. Sabon agogo ko tsoho, a gwada shi tare da wasu biyu a kan inji ɗaya, don agogon da ke ƙarya ya fi rashin agogo sharri: da shi za ka ƙi mota mai kyau, ko ka zargi mutumin kirki. A bakin tiyon agogon matsi akwai ɗan bawul mai kama da na taya. Ba na taya ba ne, nasa ya fi laushi. Mun taɓa sa na taya a madadinsa, duk motar da muka gwada sati guda sai ta fito gajiyayya, har muka fara tunanin duk filin ruɓaɓɓu ne. Sannan kada a ɗauki tsohuwar fitilar gwaji mai ƙwan lantarki a riƙa tsokanar wayoyin motar zamani da ita, ana iya ƙona ƙwaƙwalwar, kuɗinta kuwa kun sani.

Kada kuma a fita daga nan a ce mun ce a jefar da kwamfuta. Yawancin motocin da aka ƙera bayan 2000 suna buƙatarta wajen gyara, kuma yaron da ya ƙware yana iya ganewa ko an share laifi kwanan nan, don motar takan nuna ba ta gama gwaje-gwajen kanta ba. A akwatin nan ma akwai guda. Amma ringi da bawul da gasket na motar bana, irin aikin na motar 1975 suke yi, kuma agogon matsi da na zuƙa suna karanta su duka.

Wani zai ce, wane mai mota ne zai yarda ka kwance masa fulogi a fili? Gaskiya ne, da yawa ba sa yarda, wasu ma don tsoron a lalata musu zare ne, kuma suna da hujja. Abin da muke yi shi ne mu daidaita farashi tukuna, mu ajiye kafin alƙalami, da sharaɗin gwaji a gaban bakanikensa, in an ɓata wani abu mu biya. Wanda ya ƙi duk da haka, mun gode, filin da faɗi. In mutum ɗaya ne ke neman wannan, za a kore shi. In aka san duk mai katin ƙungiyar nan haka yake saye, za a saba.

Abin da ya fi damunmu ba ƙarafan ba ne. Dattijon Gaya ya rasu. Agogonsa ne wannan mai fasasshen gilashi, ɗansa ya ba mu. Da muka karɓa mun ɗauka mun sami abin da ya sani, sai muka ga allura tana rawa mu kuma muna kallonta kamar baƙauye a gaban takardar duwan. Shekara biyu muna bin tsofaffin makanikai, a Maraɗi, a Damagaram, a Katsina, muna sayen shayi muna tambaya, kafin muka iya ɗan abin da muka faɗa muku yau. Waɗanda suka koyi aiki a garejojin kamfani lokacin da ake koyar da wannan da littafi, 'yan kaɗan suka rage, kuma yaransu ba sa tambayarsu, tunda mai mota yanzu kwamfuta yake so ya gani kafin ya yarda an duba masa.

To ga roƙonmu, Shugaba. Ƙungiya ta amince a ajiye akwati irin wannan a kowane reshe, a hannun sakatare, da littafin aro: ɗan ƙungiya ya sa hannu ya ɗauka, ya dawo da shi cikin sati biyu, abin da ya fasa ya biya. Mun riga mun tara abin da zai cika uku, kyauta muka ba ƙungiya. Sauran rassan sai a taimaka da cigiya, kuma duk wanda ya ji ana shirin auna kayan wani tsohon gareji a kilo, ya kira mu kafin a ɗora a sikeli. Sannan kowane reshe ya nemi dattijon bakanike ɗaya a garinsa, a yanka masa ɗan alawus daga asusu, ya riƙa zama da yaranmu da direbobinmu rana ɗaya a wata, da kwamfutar a gefe, a gwada mota da duka biyun. Mun rubuta kiyasin kuɗin mun miƙa wa ma'aji, muna so a sa shi cikin abin da za a tattauna a zaman gobe.

Bayan an ci abinci za mu fitar da akwatin ƙarƙashin bishiyar da ke bakin ƙofa. Mota biyar za mu iya dubawa kafin la'asar, masu fetur kawai, don ba mu zo da abin ɗaura agogon gas ba. Wanda yake so ya ba da sunansa wurin sakatare, ya tayar da motarsa ta yi minti goma ta ɗumama kafin layi ya zo kansa. Shugaba ya riga ya ce tasa ce ta farko.